Mace da ɗaga ƙarfe mai nauyi daga ƙasa: ta ina ake farawa, a ina ake kuskure?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu horarwa da ma'aikatan lafiya da ke zauren nan. Mace mai shekara talatin da 'yan kai, lafiyarta ƙalau, tana son ta fara dedlif, ta ɗaga sandar ƙarfe daga ƙasa har ta miƙe tsaye da ita. Da kilo nawa za ta fara? Sau nawa a mako? Sannan maganar da ake ta yi cewa nauyi yana zazzago da mahaifa, ko yana mayar da jikin mace irin na maza, ina gaskiyarta? Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla.

Koci Rabi: Wa alaikumus salam, Maman Ihsan. Kafin a zo kan kilo, a fara da sanin kayan aikin, domin yawancin matsalar daga nan take tasowa. Sandar da aka fi samu a gidajen motsa jiki kilo 20 ce ita kaɗai, tsawonta mita 2.2. Akwai ta mata mai kilo 15, kaurinta milimita 25, ta fi daɗin riƙo ga mai ƙaramin hannu, amma ba ko'ina ake da ita ba. Babban faifai, wato nauyin da ake zura wa sanda a kowane gefe, faɗinsa santimita 45 ne, don haka idan aka saka shi, sanda takan tashi daga ƙasa da kusan santimita 22. Wannan shi ne tsayin da ake ɗagawa daga kansa.

Ga inda sabuwar shiga take faɗawa. Ba za ta iya manyan faya-fayai ba tukuna, sai a saka mata ƙanana na kilo 5 ko 10 na baƙin ƙarfe, waɗanda faɗinsu bai kai na manya ba. Sanda ta koma kusa da ƙasa, ita kuma dole ta ƙara sunkuyawa, baya ya lanƙwashe tun ba a fara ba. Maganin shi ne a ɗora faya-fayan a kan katako ko bulo mai faɗi har sanda ta kai tsayin nan na santimita 22. Idan gidan yana da faya-fayan roba masu faɗi ɗaya duk da bambancin nauyi, shi ke nan an huta.

Nauyin farawa: mako na farko sanda kawai, ana koyon tura ƙugu baya daga tsaye, sanda ta sauka zuwa ƙasan gwiwa ta dawo. Daga nan yawancin mata masu lafiya suna iya fara ɗagawa daga ƙasa da kilo 30 zuwa 40, sau biyar. Ma'aunin shi ne ta gama biyar ɗin tana jin za ta iya ƙara uku ko huɗu ba tare da tsayuwarta ta lalace ba.

Yaya Sani: Na yarda da Koci. Bari in jero yadda ake shiryawa, domin ɗagawar kanta daƙiƙa biyu ce, shirin ne aikin.

Ki tsaya ƙafafunki daidai faɗin ƙugunki, yatsu su ɗan karkata waje kaɗan. Sanda ta ratsa tsakiyar tafin ƙafa. A lura, tsakiyar ƙafar gaba ɗaya ake nufi, daga diddige zuwa yatsu, wanda yake barin kamar santimita biyu zuwa uku tsakanin sanda da ƙwauri. Ki sunkuya ki kama sandar, hannuwa a wajen ƙafafu dab da su, ba tare da kin motsa ta ba. Sai ki lanƙwasa gwiwa har ƙwauri ya taɓa sanda, ki tsaya nan, kar ki ƙara sauke ƙugu. Ki ɗaga ƙirji, ki matse hammata har ki ji gadon baya ya ɗaure. Ki ja sandar a hankali har ki ji ta yi ƙas, ta taɓa bakin ramin faifai, wato an cire sako-sako. Sannan ki ja numfashi, ki riƙe, ki tura ƙasa da ƙafafu. Sanda ta hau tana gogar ƙwauri da cinya. A sama ki miƙe sosai, ki matse mazaunai, kar ki jingina baya.

Wajen saukewa, ƙugu ne yake fara komawa baya, sai sanda ta wuce gwiwa sannan a lanƙwasa gwiwa. Wadda ta fara lanƙwasa gwiwa, sanda za ta buge ta ko ta kewaye gaba.

Safiya A.: Yaya Sani, me ya sa ake nanata cewa sai ta goge ƙwauri? Ai ciwo take ji wa mutum.

Yaya Sani: Saboda nisan da ke tsakanin sanda da ƙugu shi ne yake ƙayyade wahalar da ƙasan baya zai sha. Ki ɗauki jarka mai lita 25 cike da ruwa, kilo 25 ke nan. Ki ɗaga ta manne da jikinki, sannan ki gwada ɗaga ta hannu a miƙe gaba. Nauyi bai canza ba, amma baya ya san bambanci. Haka sanda take. Idan ta matsa gaba da santimita biyar kacal, diddige zai fara tashi, ƙugu ya riga ƙirji hawa, aikin duka ya koma kan baya. Batun gogewa kuwa, dogon wando mai ɗan kauri da doguwar safa sun wadatar. Taɓawa ake so, ba kankara ba. Idan jini yana fita, ƙugu ya yi ƙasa da yawa ne, ƙwauri ya ture sandar gaba sannan ta dawo ta sare shi.

Malama Zainab, sashen gashin ƙashi: Zan ɗauki tambayar mahaifa, domin ita ce take hana mata da yawa, kuma bai kamata a share ta da cewa camfi ce ba. Akwai tsokoki a ƙasan mara da suke tallafe da mahaifa da mafitsara da dubura. Abubuwan da aka fi sani suna raunana su sun haɗa da haihuwa, musamman doguwar naƙuda da yawan haihuwa kusa da kusa, da tsufa bayan ɗaukewar al'ada, da ƙiba, da yawan yunƙuri saboda taurin bayan gida, da tari mai daɗewa. Aikin ɗaukar kaya masu nauyi kullum ba hutu shi ma yana cikin jerin. To amma akwai tazara tsakanin matar da take dakon kaya daga safe zuwa yamma, mako biyu da haihuwa, ba abinci isasshe, da wadda take ɗaga nauyin da aka auna mata sau goma sha biyar a zama ɗaya, sau biyu a mako, tana hutawa a tsakani. Ta biyun jikinta yana samun lokacin da zai ƙarfafa.

Alamomin da ke cewa a dakata a je asibiti: jin nauyi ko kamar wani abu yana saukowa ta gaba, ganin ƙullutu, ko ɗigar fitsari da ba ta tsaya ga babban nauyi kawai ba. Ɗigar fitsari kaɗan a lokacin ɗaga nauyi mafi girma abu ne da yake faruwa ga mata masu gasa da yawa, har waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Ba abin kunya ba ne, amma kuma kar a saba da shi. A rage nauyi zuwa inda ba a ɗiga, a gyara numfashi, a yi atisayen matse tsokokin ƙasa: a matse kamar ana riƙe fitsari da iska tare, daƙiƙa biyar zuwa goma, a saki gaba ɗaya, sau takwas zuwa goma, sau uku a rana. Yakan ɗauki kamar wata uku kafin a ga canji sosai. Kar a riƙa gwada shi a lokacin yin fitsari.

Koci Rabi: Malama Zainab, a nan ne nake son mu tattauna. Ni ina koyar da riƙe numfashi daga ƙasa har sama. Iskar da aka tara a ciki ita ce take ɗaure ƙashin baya. Na san wasu ma'aikatan lafiya suna cewa a riƙa fitar da iska yayin ɗagawa, amma a kilo 80 ko 90, wadda ta saki iska a tsakiyar hanya bayanta zai sake.

Malama Zainab, sashen gashin ƙashi: Ba na musun wannan, Koci. A babban nauyi jiki ma da kansa zai riƙe numfashi, ko an hana shi. Abin da nake ja a kai shi ne inda ake tura iskar. Mata da yawa idan aka ce su cika ciki, sai su yi yunƙuri ƙasa irin na bayan gida. Wannan ne yake danne tsokokin ƙasa. Abin da ake so shi ne ta ɗora hannuwanta a gefen haƙarƙari da ƙugu, ta ja iska har ta ji gefe da baya sun buɗe, ba gaba kaɗai ba, sannan ta ɗan ɗage tsokokin ƙasa kafin ta ɗaure ciki. Kuma ba sai an cika huhu fal ba, kashi biyu bisa uku ya isa. Ga wadda take da alamomin da na ambata, ko take dawowa daga jego, sai ta yi aiki da nauyin da za ta iya fitar da iska a hankali ta baki yayin hawa, har tsokokin su dawo. Idan sun dawo, ta koma riƙewa.

Akwai kuma waɗanda riƙe numfashin yake da haɗari gare su ta wani ɓangaren: yana sa jini ya hau sosai na ɗan lokaci. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, mai ciwon zuciya, mai matsalar hawan ruwan ido, mai ƙaba, duk sai likita ya duba tukuna. Masu sikila, waɗanda muke da su da yawa a arewa, kar su shiga wannan sai da tsarin likitansu, domin gajiya mai tsanani da ƙarancin ruwa suna iya tayar da ciwon.

Koci Rabi: To a haka mun daidaita. Kuma a sake numfashi a kowane ɗagawa: sanda ta zauna a ƙasa, a saki iska, a sake shiri, a ɗaga. Masu buga faifai a ƙasa don ya dawo musu da sanda suna yin biyar da numfashi ɗaya, shi ya sa jiri yake ɗibar su.

Hajiya Binta, ungozoma: Ƙari kan maganar jego. Kwana arba'in ba lasisin komawa babban nauyi ba ne. A mako na shida ake duba mace, idan komai lafiya sai ta fara da tafiya, da atisayen tsokokin ƙasa, da motsi marar nauyi. Komawa sanda a hankali yake, cikin watanni. Wadda aka yi wa tiyata ta ƙara jinkiri, ta jira izinin likitanta. A duba rabuwar tsokar ciki ma: ta kwanta rigingine, ta ɗaga kai kaɗan, ta taɓa saman cibiya da ƙasanta. Idan yatsu fiye da biyu suna nutsewa, ko tsakiyar cikin yana tudu idan ta yi yunƙuri, ta ga masu gashin ƙashi kafin ta ɗora nauyi. Mai juna biyu da ba ta taɓa ɗaga ƙarfe ba, ba lokacin koyon dedlif mai nauyi ba ne. Wadda ta saba tun da, sai ta zauna da likitanta su tsara abin da za ta rage.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri. Saura batun jiki ya koma na maza, da kuma sau nawa a mako.

Yaya Sani: Sinadarin da yake sa maza tara tsoka da yawa, testosteron, abin da ke jinin namiji ya ninka na mace wajen sau goma sha biyar. Mace tana ƙara ƙarfi sosai, tsokarta tana girma, amma daga ƙaramin tushe take farawa kuma a hankali abin yake tafiya. Abin da za ta gani a shekarar farko shi ne cinya da mazaunai sun ɗaure, baya ya miƙe, riƙon hannu ya yi ƙarfi. Jikin da ake gani a hotunan masu gasar nuna tsoka aikin shekaru ne da abinci na musamman, kuma sau da yawa da allurai. Waɗannan alluran su ne suke kawo kaurin murya da gashin fuska da rikicewar al'ada, kuma muryar ba ta cika dawowa ba. Duk wanda ya kawo wa mace allura ko ƙwaya a gidan motsa jiki da sunan saurin sakamako, ta guje shi.

Tsari kuwa: kwana biyu ko uku a mako, da hutun aƙalla kwana ɗaya a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa manya ke nan, aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye a mako. Dedlif mai nauyi sau ɗaya a mako ya isa, zagaye uku na sau biyar, hutun minti uku tsakanin zagaye. A ɗaya ranar a yi mai sauƙi, wanda ake farawa daga tsaye a sauke zuwa ƙasan gwiwa, zagaye uku na sau takwas, da kamar rabin nauyin babbar rana ko sama kaɗan. A haɗa da tsugunno da nauyi, da tura nauyi sama da kai, da jan nauyi zuwa ciki.

Ɗumama jiki ga wadda aikinta na ranar kilo 60 ne: sanda kawai sau goma, kilo 30 sau biyar, 40 sau biyar, 50 sau biyu, sannan 60. Kar a gaji a wajen ɗumamawa.

Koci Rabi: Ƙarin nauyi shi ne wurin da na fi ganin ana ji wa mata ciwo, kuma laifin kayan aiki ne. Ƙarin da ya dace kilo 2.5 ne a mako, wato faifan kilo 1.25 a kowane gefe. A haka wadda ta fara da 40 za ta kai 70 cikin mako goma sha biyu idan komai ya tafi daidai. Amma gidaje da yawa mafi ƙanƙantar faifansu kilo 5 ne, ƙari ɗaya ya zama kilo 10. Daga 40 zuwa 50 ƙarin kashi 25 cikin ɗari ne a rana ɗaya. Namiji mai ɗaga 160 ba wanda zai ce masa ya koma 200 mako mai zuwa, amma ana yi wa mace daidai wannan lissafin ba a lura ba.

Hanya biyu ce. Ko ta mallaki ƙananan faya-fayanta ta riƙa zuwa da su a jaka, mai walda zai iya yanka mata su daga farantin ƙarfe da rami mai faɗin milimita 51, a auna su a sikeli don su zo daidai da juna. Ko kuma ta tsaya a nauyi ɗaya tana ƙara adadi: sau biyar, shida, bakwai, takwas, har goma, sannan ta hau nauyi na gaba ta koma sau uku ko huɗu. Kuma ta riƙa rubutawa a littafi. Wadda ba ta rubutu, da yadda ta tashi da safe take zaɓar nauyi.

Hauwa'u Gusau: Ban ji an ambaci tsayuwar sumo ba, wadda ake buɗe ƙafafu sosai hannuwa su shiga ciki. Ina ganin ta fi dacewa da mata saboda faɗin ƙugu.

Yaya Sani: Wannan magana ana yawan faɗinta, amma faɗin ƙugu da ake gani daga waje ba shi ne yake yanke hukunci ba. Yanayin gurbin da ƙashin cinya yake shiga, da tsawon hannu da gangar jiki, su ne abin dubawa. Ni na fi son kowa ta fara da tsayuwar da na bayyana na wata biyu ko uku, domin ita take koyar da tura ƙugu baya da ɗaure gadon baya.

Koci Rabi: A nan na saɓa da kai, Yaya Sani. Mace mai gajeren hannu da doguwar cinya, ko mai babban ciki, idan ka tilasta mata matse ƙafafu ba za ta kai ga sanda da miƙaƙƙen baya ba, ko ka ɗora ta a kan bulo. Me zai sa ta yi wata uku tana fama? A gwada mata duka biyun a rana ɗaya da kilo 30, a ɗauki bidiyo daga gefe, waya a daidai tsayin ƙugu. Wadda baya ya fi miƙewa a cikinta kuma makwancin cinya bai yi tsunkuli ba, ita ce tata. Sharaɗin sumo dai, gwiwoyi su bi inda yatsun ƙafa suka nuna, kar su faɗa ciki, ƙwauri ya tsaya a miƙe, kuma ta yi haƙuri a farkon ɗagawa domin sanda takan yi jinkirin barin ƙasa. Wadda ta yi gaggawa ƙugunta zai harba sama. A kula da yatsun ƙafa wajen saukewa, faifai yana kusa da su.

Yaya Sani: Ga irin wadda kika kwatanta ban ƙi ba. Amma sauran ina nan kan bakana.

Safiya A.: Hannu fa? Ƙafa da baya suna iyawa amma sanda tana zamewa daga yatsu tun a na uku.

Koci Rabi: Da farko a duba abubuwa masu sauƙi. Man shafawa a tafin hannu, zobe, awarwaro, dogon farce da yake hana dunƙule hannu, duk a kawar. A shafa allin riƙo, ba hoda ba, hoda santsi take ƙarawa. Safar hannu tana ƙara wa sanda kauri, ga mai ƙaramin hannu ta ƙara wahala ke nan. A ɗora sandar a gindin yatsu, ba a tsakiyar tafi ba, in ba haka ba za ta gangaro ta naɗe fata, kanta ta fashe. Kantar da ta yi tudu a goge ta da dutsen goge ƙafa bayan wanka.

Riƙo iri uku ne. Tafuka biyu suna kallon jiki, a yi duk ɗumamawa da shi don hannu ya yi ƙarfi. Idan ya gaza, ko a juya tafi ɗaya ya kalli gaba, ko a saka babban yatsa a ƙarƙashin manuni da na tsakiya a danne shi. Na juyawar yana da sharaɗi: gwiwar hannun da aka juya ta kasance a miƙe sarai, domin lanƙwasa ta da nauyi shi ne yake tsinka jijiyar ƙwanji. Na babban yatsa yana da zafi na makonni kafin a saba, kuma ya fi sauƙi a siririyar sanda. Maɗaurin da ake naɗe hannu da sanda da shi ba laifi a zagayen ƙarshe, kar dai ya zama na kullum.

Bel kuma, wato ɗamarar da masu ɗaga nauyi suke ɗaurawa a ciki, ba a buƙatarsa a watannin farko. Ba ya riƙe baya da kansa, abin da ciki zai tura ne kawai. Na gasa faɗinsa santimita 10 ne, ga gajeruwar mace yakan soki haƙarƙari da ƙashin ƙugu, mai santimita 7.5 ya fi mata. Wadda take ɗigar fitsari kar ta ɗaure shi tamau.

Hauwa'u Gusau: Sutura ma a taɓa ta, domin ita ce tambayar farko da iyaye da mazaje suke yi. Dogon hijabi yana shiga tsakanin sanda da cinya, ko a taka shi wajen sunkuyawa, ya fizgi wuya. Ƙaramin hijabi marar fil da ake cusawa cikin riga, da doguwar riga zuwa tsakiyar cinya wadda ba ta da yalwar da za ta kama sanda, da dogon wando. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri, ko safa kawai idan wurin ya yarda kuma ba santsi. Takalmin gudu mai laushi yana sa ƙafa rawa. Ko a matakin duniya an wuce wannan muhawarar: tun 2011 hukumar ɗaga nauyi ta duniya ta amince da suturar da ta rufe hannu da ƙafa, bayan ƙorafin Kulsoom Abdullah, wata Musulma mai ɗaga nauyi a Amurka, kuma Sara Ahmed ta Masar ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016 da kanta a rufe, ta ƙara da azurfa a Paris a 2024. Mu ma a nan gida muna da tarihi. Shekarar da aka fara gasar ɗaga nauyi ta mata a Olamfik, Sidni 2000, Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya azurfa a ajin kilo 75, Mariam Usman kuma tana da tagullar Beijing 2008. Nasu salon na ɗaga sanda sama da kai ne, ba dedlif ba, amma daga ƙasa ɗaya ake farawa.

Anti Larai, masaniyar abinci: Duk wannan tsari ba zai tafi ba idan ana ɗaga ƙarfe ana kuma yunwar rage ƙiba. Furotin, wato sinadarin gina jiki, da ake nema kamar giram 1.6 ne ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mace mai kilo 60, giram 96 ke nan. Ga yadda zai fito daga abincinmu: ƙwai uku giram 18, kofi ɗaya na dafaffen wake kusan 14, rabin lita na kindirmo kusan 16, giram 100 na dafaffen nama ko kifi kusan 25, cikin tafi na gyaɗa kusan 7. Tamanin ke nan, tuwo da shinkafa da burodi su cike sauran. Awara da ƙuli-ƙuli da kilishi duk suna shiga lissafi, kuma a raba shi gida uku ko huɗu a yini. Garin furotin na gwangwani ba dole ba ne.

Abin da ya fi furotin kayar da mata shi ne ƙarancin jini. Mace mai al'ada tana buƙatar miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, namiji 8. Wadda take haki a ɗumamawa, zuciya tana bugawa, jiri idan ta miƙe, musamman mai zubar da jini da yawa, ta je a auna jininta. Idan gwajin ya nuna hemogulobin ƙasa da giram 12 a kowace desilita ta jini, ga wadda ba ta da ciki ƙarancin jini ne. Hanta, jan nama, wake, zogale, a haɗa da lemo ko tumatir, a kuma raba shan shayi da cin abinci da kamar awa ɗaya, domin shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin. Ranakun al'ada ba sa hana atisaye. Idan mara tana ciwo ko jiki ya mutu, a rage kashi goma cikin ɗari ko a ɗaga ranar.

Da azumi, lokacin da ya fi shi ne awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa baki, ko bayan tarawihi. A bar nauyin kusa da yadda yake, a rage yawan zagaye, kar a nemi sabon matsayi a watan. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, ɗaga babban nauyi da yamma da baki a bushe neman suma ne.

Maman Ihsan: Uwa mai shekara sittin fa, ita ma za ta iya, ko ta makara?

Malama Zainab, sashen gashin ƙashi: Ita ce ma ta fi buƙata, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana saurin raguwa. An yi wani gwaji a Ostareliya mai suna LIFTMOR a kan mata 101 da suka daina al'ada kuma ƙashinsu ya yi rauni. Rabinsu sun yi wata takwas suna dedlif da tsugunno da tura nauyi sama, zagaye biyar na sau biyar da nauyi mai yawa, minti talatin sau biyu a mako, a gaban mai kula. Ƙarfin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na waɗanda suka yi atisaye mai sauƙi a gida kuwa ya ragu da kamar kashi 1. A riƙe sharaɗin dai: an tantance su tukuna, an koya musu a hankali, kuma ana tsaye a kansu. Dattijuwa ta fara daga sanda a kan bulo mai tsayi, kusa da gwiwa, ana sauke tsayin da kaɗan-kaɗan. Wadda ta taɓa karaya a ƙashin baya ko ƙugu, sai da likita.

A kuma san bambancin ciwo. Tsamin jiki a cinya da mazaunai da gefen baya, wanda yake tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku sannan ya wuce, wannan na sabo ne. Ciwon da yake harbawa daga baya zuwa ƙafa, da mutuwar ƙafa ko jin tsira-tsira, a dakata a je a duba. Rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko kasa yin fitsarin, asibiti a ranar. Haka ma fitsari mai launin baƙin shayi tare da kumburin tsoka bayan atisaye mai tsanani.

Safiya A.: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan an kai inda nauyi ya ƙi ƙaruwa, misali kilo 70 ya tsaya mako uku, me ake yi?

Koci Rabi: A fara duba barci da abinci da hutu tsakanin zagaye, wadda take huta minti ɗaya ta mayar da shi uku ko huɗu. Idan duk suna daidai, a sauka da kusan kashi goma cikin ɗari, daga 70 zuwa 62.5, a sake hawa da 2.5 a mako. Sannan a kalli bidiyo a ga inda take maƙalewa. Idan sanda ta ƙi barin ƙasa, yawanci ƙugu ya yi ƙasa da yawa ko ba a cire sako-sako ba, sai a ƙara tsugunno da ɗagawa mai tsayawa daƙiƙa biyu da zarar faifai ya bar ƙasa, da kamar kilo 50. Idan a gwiwa take tsayawa, sandar ta gudu gaba ne ko baya ya sake tun daga ƙasa, sai a ƙara jan nauyi zuwa ciki da ɗagawa daga bulo. Idan hakan ya sake faruwa bayan an sauka an hau, lokacin ƙari kowane mako ya wuce, a koma ƙari duk mako biyu ko uku, kuma kowane mako na huɗu ko na biyar a rage zagaye zuwa rabi. Safiya, ki turo bidiyon daga gefe, ƙafa da sanda duk su fito a ciki, mu duba.